Na sayi filin awon igiya a bayan Tumfure, wace takarda zan nema kafin in fara gini?

Baban Ummi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar filaye a Gombe. Na sayi fili ƙafa 50 a 100 a bayan Tumfure, awon igiya ne, daga hannun mai gona ta hanyar dillali. Abin da ke hannuna takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu huɗu. Niyyata in yi ɗaki uku da falo, da shago biyu a gaba don haya. Birkilana ya ce in kawo bulo da siminti kawai mu fara, wai kowa a layin haka ya yi. To amma makon jiya an zo an shafa jan fenti a katangar wani gida da ke layi na biyu daga nawa, an rubuta a dakata da aiki. Shin takardar da nake da ita ta isa? In ba ta isa ba, me zan fara nema, a wane ofis? Kuma shagunan za a bar ni in yi?

Safiyo

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Allah ya sanya alheri a filin. Kada ka sauke ko bulo ɗaya tukuna.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda, alhali kowanne da ƙofarsa. Akwai takardar da ke nuna filin naka ne, akwai kuma izinin da ke ba ka damar ɗora gini a kansa. Ta farko aikin hukumar GOGIS ne, wadda gwamnatin Inuwa Yahaya ta kafa don ta riƙe bayanan filaye da taswirarsu a kwamfuta. Ta biyu kuma aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, wato GOSUPDA. Ni zan tsaya a ta farko, tunda ita ce layina.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A yankin da aka ayyana birni ne, gwamna kaɗai ke ba da haƙƙin zama a fili. A karkara ƙaramar hukuma ce ke bayarwa. Mai unguwa ko jauro ko hakimi babu inda dokar ta ba su ikon ba da mallaka. Sa hannunsu shaida ce cewa an yi ciniki kuma mai sayarwar sananne ne a wurin, kuma wannan yana da amfani ƙwarai, kada ka yar da takardar. Amma ba ta gaya maka abin da gwamnati ta tsara a wurin ba. Tumfure a ƙasar Akko take, shi ya sa wasu ke zaton takardar ƙaramar hukuma ta wadatar. Gari ya riga ya cinye wajen, don haka tambayar farko da za ka yi a ofis ita ce ko filin ya faɗa cikin yankin birni.

Ga yadda ake bi. Ka ɗauki safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu awon ƙasa rajista, ka je da shi filin, ya ɗauki lambobin kusurwa huɗu da na'urar GPS ta aiki. Wayar hannu tana iya kauce wa da mita uku zuwa biyar, kuma a fili mai faɗin mita 15 wannan kaucewar ta isa ta jefa ka cikin hanya ko cikin na maƙwabci. Da lambobin za a ɗora filin a kan taswirar gwamnati. A nan ake ganin abu huɗu: ko wurin yana cikin filin da gwamnati ta riga ta karɓa ta biya diyya, ko an taɓa ba wani takarda a kansa, ko hanya ce ko magudanar ruwa ko filin makaranta a tsarin unguwar, ko kuwa babu komai a kansa. In ya fita lafiya sai ka cika fom na neman takardar mallaka, ka haɗa da takardar cinikin, da taswirar awo, da hotunanka, da shaidar zama ɗan ƙasa, da shaidar biyan haraji. Bayan an amince sai a ba ka takardar tayi mai ɗauke da sharuɗɗa da kuɗin da za ka biya, a kafa maka duwatsun iyaka na kankare masu lamba, daga ƙarshe C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamna, ta fito. Ta gidan zama bisa al'ada shekara 99 ce, kuma akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara.

Inda aka fi samun matsala a awon igiya shi ne hanya. Mai gona yana so ya fitar da fuloti da yawa, sai ya bar layi ƙafa 15 ko 20, wani ma ya toshe a ƙarshe. Ranar da gwamnati ta zo daidaita unguwar, dole a faɗaɗa layin yadda mota biyu za su gifta a kuma haƙa lambatu, kuma daga gaban filayen mutane za a yanka. Wanda ya kai gininsa har bakin iyaka shi ke rasa ɗaki. Na biyu shi ne gonar gado. Ka bincika ko wanda ya sayar maka shi kaɗai ne mai ita. In gado ce da ba a raba ba, sai ka nemi sa hannun dukkan magada, har da mata, ko takardar rabon gado daga kotu. Ƙanwa ɗaya da ba a tuntuɓa ba tana iya tsayar da kai shekaru a gaban alƙali.

Duk kuɗin gwamnati ka biya ta banki ka karɓi rasit da sunanka. Kuɗin da aka ba wani a hannu a ƙarƙashin bishiya ba ya shiga fayil.

Mai Tsara Gari

Malam Safiyo ya gama da ɓangaren mallaka, bari in ɗora daga inda ya tsaya. Ko da C of O tana aljihunka, ba ka da izinin gini sai an buga wa zanenka hatimin amincewa. Galibi ma a cikin sharuɗɗan takardar mallakar an rubuta cewa ba za ka gina komai ba sai abin da hukuma ta amince da zanensa, kuma za ka raya filin cikin wa'adin da aka ɗiba. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ita ta shimfiɗa tsarin, sannan a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Shi ya sa abin da ake yi a Abuja ko Kano ba lallai ya zama daidai da na Gombe ba, kuma ofishin jiha za ka nufa.

Abin da za ka shiga da shi: kwafin takardar mallaka ko takardar tayin, taswirar awo, zanen gida daga mai zane mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine, da taswirar da ke nuna yadda ginin zai zauna a cikin filin, da tazararsa daga kowace iyaka, da inda masai da sokawe za su kasance. In bene ne, ko akwai dekin, sai an haɗa da zanen rodi da lissafinsa daga injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi. Ana karɓar kwafi fiye da ɗaya, domin ɗaya zai zauna a fayil, ɗaya ya dawo hannunka da hatimi. Jami'i zai fito ya ga filin da idonsa, a lissafa maka kuɗi gwargwadon faɗin ginin da irin amfanin da za a yi da shi, ka biya, a duba zanen ta fuskar tsari da lafiya da ƙarfin gini. A dokar 1992 izinin yana aiki shekara biyu, in ba ka fara ba a cikinsu sai ka sabunta. Kwafin mai hatimin a ajiye shi a wurin aiki, a cikin leda, don shi za a fara tambayar birkila.

Yanzu ga lissafin da nake so ka yi da kanka kafin ka je wajen mai zane. Ƙafa 50 a 100 kusan mita 15 a 30 ne, wato murabba'in mita 450. Tazarar da masu zane suka saba bari a gidan zama ita ce mita 6 a gaba, mita 3 a baya, mita 3 a kowane gefe. Cire su, abin da ya rage maka mita 9 a faɗi, 21 a tsawo, murabba'in mita 189. Ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki suna shiga ciki har da saura. A ƙananan filaye akan sassauta tazarar gefe, amma hukuma ce ke sassautawa a kan takarda, birkila ba shi da wannan ikon. Tazarar nan ita ce iskar ɗakunanka a watan Afrilu, ita ce ke hana ruwan indararonka zuba a bangon maƙwabci, ita ce kuma ke hana gobara tsallakawa daga rufi zuwa rufi.

Shagunan su ne ƙashin bayan tambayarka, kuma su ne suka fi jawo jan fenti. Mitoci shidan gaba da kake son cikewa da shago su ne tazarar da aka ce a bari. Sannan filin da aka ba da don zama, in aka sa kasuwanci a ciki an canza masa amfani, kuma canjin amfani sai da izini na daban. Hanya mafi sauƙi ita ce tun a fom ɗin neman mallaka ka bayyana cewa zama da kasuwanci kake so, mai zane kuma ya sa shagunan a cikin zanen da za a kai. In layin babba ne kuma tsarin wurin ya yarda, za a amince, sau da yawa da sharaɗin a ja shagon baya a bar wurin tsayawar abin hawa. In lungu ne ƙarami za a iya hanawa, gara ka sani tun kuɗinka na aljihu. Abin da ba ya ɓuya shi ne a kai zanen gida zalla, a samo hatimi, sannan a fasa katanga a sa ƙofar shago. Ginin da ya saɓa wa zanen da aka amince da shi hukuncinsa ɗaya da wanda ba shi da izini.

Jan fentin da ka gani matakin farko ne, umarnin dakatar da aiki. Mai gidan ya kamata ya tsaya, ya ɗauki takardunsa ya je ofis. In matsalar rashin izini ce kawai kuma ginin bai taka wata ƙa'ida ba, akan ci tara a daidaita. In ya hau hanya ko magudanar ruwa, sai sanarwar rusau ta biyo baya. Masu shafe fentin da dare su ci gaba da ɗora bulo suna ƙara wa kansu asara ne kawai, don lambar wurin tana rubuce a littafi.

Baban Ummi

Allah ya saka muku da alheri, na fahimta sosai. Akwai abu biyu da ban faɗa ba don ban ɗauke su da muhimmanci ba. Akwai wayar wuta da ta bi ta bayan filin a kan falwayar kankare, sannan akwai wani ɗan kwari da ruwa ke bi da damina, kamar taku arba'in daga iyakata ta gabas. Dillalin ya ce ba komai, ana cike shi da shara. Wannan zai iya hana a ba ni izini?

Injiniya

Ɗan'uwa, waɗannan biyun da ka bari a ƙarshe su ya kamata ka fara faɗa.

Wayar wuta tana da haraminta a doka, wato filin da ake bar mata a gefe da gefe ba a gini a cikinsa. Layin 330kV, irin wanda ya taso daga Jos zuwa Gombe a kan manyan turakun ƙarfe, faɗin mita 50 ake bar masa, 25 kowane gefe daga tsakiya. Na 132kV mita 30, wato 15 kowane gefe. Na 33kV da 11kV, waɗanda su ne aka fi gani a kan falwayar kankare a cikin unguwa, mita 11, wato biyar da rabi kowane gefe. Ka sa safiyonka ya auna daga tsakiyar layin zuwa iyakarka ya nuna a taswira. In haramin ya shigo filinka da mita biyu, waɗannan mita biyun ba a gini a cikinsu, kuma kada a dasa doguwar bishiya. Haɗarin ya fi yawa ranar ɗora rufi, lokacin da kafinta ke ɗaga kwano ko mai rodi ke juya sanda mai tsawon mita 12. Babbar wuta ba sai an taɓa waya take kama mutum ba, kusantarta ma ta isa. Haka in fili yana bakin titin tarayya kamar hanyar Bauchi, mita 45.72 ake aunawa daga tsakiyar titi kowane gefe.

Kwarin ya fi damuna. Garin Gombe a gangare yake, daga tudun yamma wajen Tumfure ruwa ke sauka ya ratsa gari ya yi gabas, kuma ƙasar saman tudun rairayi ce mai saurin zaizayewa. Manyan kwaruruwan da gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi tana ɗaure su da kankare, irin na wajen jami'ar jiha da unguwar Malam Inna da na kwalejin ilimi ta tarayya, FCE, da ƙananan hanyoyin ruwa irin wannan suka fara. Kowane sabon rufin kwano da kowane tsakar gida da aka shafe da siminti a sama da kai ƙarin ruwa ne da ƙasa ba za ta sha ba, duk kuma ta kwarin nan zai bi. Taku arba'in bai fi mita 30 ba. Kwari yana ci ne ta bakinsa na sama yana hawa tudu, yana kuma zubar da gefensa in ruwa ya rarake ƙasan. Shara ba ta tsayar da shi, toshe shi take yi ruwan ya fasa sabuwar hanya, sau da yawa ta cikin filin wani. Ka je bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi ka tsaya ka ga inda ruwan ke bi, ka dubi alamar ciyawa da leda da ya bari a jikin itatuwa, ita ke nuna iya inda yake kaiwa. Ka tambayi tsofaffin wurin inda bakin kwarin yake shekara biyar da suka wuce.

In an ba ka izini, a haƙa ramin gwaji aƙalla mita ɗaya da rabi a kusurwa biyu kafin a yanke zurfin harsashi. In aka tarar da cikon shara ko ƙasa mai laushi, a ci gaba da haƙa har a taɓa ƙasa ta asali. Daɓen ɗaki ya ɗara tsakiyar hanya da kamar santimita 45 zuwa 60, domin ranar da aka zo yin titi za a ɗaga shi, gidajen da aka yi daidai da ƙasa su koma rami. Sokawe kuma a nisanta shi da rijiya ko burtsatse, mita 30 ake so, kuma a fili mai tsawon mita 30 wannan yana nufin sai ka duba inda maƙwabtanka suka sa nasu.

Maman Sadiq

Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma a faɗi ɗaya gefen ma. Mutane ba don son karya doka suke sayen awon igiya ba. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 Gombe take cika, rikicin arewa maso gabas ya ƙaro mata jama'a daga Borno da Yobe da Adamawa, filin awon gwamnati kuwa bai kai yawan masu nema ba, wanda ya fito ma sai ya bi hannu biyu uku kafin ya iso ga mai son ya gina ya zauna. Malamin firamare ko mai sayar da kayan miya ina zai nufa in ba wajen mai gona ba?

Abin da ya kamata shi ne hukuma ta riga magina isa gona. Mai gonar da zai yanka fuloti a tilasta masa ya kai taswirar yankan a amince tukuna, a fitar da hanya da lambatu da filin makaranta da maƙabarta, sannan ya sayar da ko ɗaya. Dillalin da ya sayar da hanyar ruwa a kama shi, kada a bar hukuncin duka a kan wanda ya saya da guminsa. Kuma a liƙa jadawalin kuɗin izini a bangon ofis da Hausa, a faɗe shi a rediyo, a sa wa'adin kwanakin da fayil zai yi. Rashin sanin nawa za a biya da yaushe za a gama shi ke tura mutane wajen 'yan tsakiya. Jan fenti bayan mutum ya kai linta ya zo a makare, ranar da aka fara haƙa harsashi ya kamata a gan shi.

Baban Ummi, ka haɗa kai da mutanen layinku ku je tare. Layi guda in ya nemi a daidaita shi gaba ɗaya ya fi saurin samun kunne, kuma kuɗin safiyo yana raguwa in an raba.

Lauya

Hajiya ta yi gaskiya, kuma shawarar zuwa a ƙungiyance tana da kyau. Zan ƙara abu biyu na doka.

Na farko, yardar gwamna. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce mai haƙƙin zama a fili ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wannan ya shafi har waɗanda suka riƙe filinsu tun kafin dokar. Saboda haka wanda ya sayi fili mai C of O da sunan wani, bai gama ba sai an rubuta takardar miƙa mallaka, an samu yardar gwamna, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista. Riƙe takardar asali da sunan tsohon mai fili a cikin akwati ba ya mayar da filin naka a idon hukuma, kuma banki ba zai karɓe ta jingina daga hannunka ba.

Na biyu, diyya. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama don amfanin jama'a, kamar titi ko asibiti, bayan an ba da sanarwa. Sashe na 29 ya ce a biya diyyar abin da aka raya a kan filin, gini ko amfanin gona ko itatuwa, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. To wanda ya yi gini ba izini a kan hanyar da ke cikin tsari tun farko, ko a filin da gwamnati ta riga ta biya mai gona diyyarsa, matsayinsa mai rauni ne ƙwarai. Abin da ya rage masa shi ne ya bi wanda ya sayar masa. Shi ya sa takardar cinikin take buƙatar gyara tun yanzu da mai gonar ke kusa: a sa cikakken sunansa da hotonsa, a sa lambobin kusurwar filin maimakon "gabas ya yi iyaka da wane", a rubuta yadda ya samu gonar, a kuma rubuta ƙarara cewa in bincike ya nuna filin yana da matsala zai mayar da kuɗi ko ya musanya da wani.

Safiyo

Baban Ummi, tunda akwai waya da kwari, ka gaya wa safiyon da za ka ɗauka ya auno su duka a fita ɗaya: kusurwa huɗu, tsakiyar layin wuta, bakin kwarin na kusa da kai, da faɗin hanyar gabanka daga katanga zuwa katanga. Ya zana su a takarda guda. Da ita za ka je GOGIS, da ita kuma mai zanenka zai san iya inda gini zai tsaya. Ka kira maƙwabtan iyaka su tsaya a wurin ranar awon, kowa ya ga inda aka kafa fegi. Kuɗin bulon da ka tanada ka riƙe shi har sakamakon binciken ya fito, siminti kuwa kada ka saya ka ajiye, damina na kamawa zai daskare a buhu.